Gonar da Ta Ƙaru da Igiya Uku

Auta,

Yau shekara shida da wata huɗu ke nan rabona da gida. Da safen nan na lissafa, ina tsaye a rana riƙe da sandar awo, don mai riƙe sanda ba shi da aikin da ya wuce tsayuwa da tunanin banza. Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da kyau da kyau, da maiɗakinka da yara, har da biyun da ban taɓa sa wa ido ba. Yaya gwiwar Inna? Ka ce da sauƙi, amma na san ka, ko ƙafar ce ta cire gaba ɗaya "da sauƙi" za ka rubuto. Ni lafiyata ƙalau, in ban da bayan nan nawa da ya fara gaishe ni kowace safiya.

Har yanzu muna cikin daji muna shimfiɗa hanya. Waya ba ta kamawa sai ka hau saman tankin ruwa, can ma sai ta ga dama. Shi ya sa na koma wa takarda. Direban tankar mai yana zuwa duk mako biyu, shi zai riƙa fitar mini da ita. Aikin kuwa ka san shi: Safiyo, wato mai awon hanya, ya leƙa na'urarsa daga nesa, ya ɗaga hannu, matsa dama, matsa hagu, tsaya nan. Shekara shida ina matsawa dama da hagu a ƙasar mutane, ban matsa gaba ba ko taku ɗaya.

Ga dalilin takardar. Nan da wata takwas hanyar nan za ta ƙare. Za su kwashe kaya su koma wata, ni kuwa ba zan bi su ba. Gida zan dawo, dawowar da babu komawa, kuma lambu nake so in yi.

Ka tuna yadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya raba mana gona tun da ransa. Ya auna da igiyarsa daga bakin titi zuwa rafi, igiya talatin cif. Ya ba ka sha biyar na wajen titi, ya ba ni sha biyar na wajen rafi, ya dasa duwatsu a tsakani. A lokacin na yi ta ƙunƙuni wai an ba auta bakin titi, ni an jefa ni cikin sauro. Yanzu na san tsohon nan ya fi ni hankali. Bakin rafin nan shi ne duk abin da na mallaka a duniya. Da shi mutum zai yi noma rani da damina, ba tare da ya sake riƙe wa kowa sanda ba.

Don Allah ka ɗauko igiyar, tana nan rataye bayan ƙofar ɗakin Baba, ka auna mini daga rafi zuwa inda danshi yake tsayawa. Ina so in san tsawon tiyon da zan saya da irin injin ban ruwan da zai ja. Kar ka auna da ido, kuma kar ka ce mini "da ɗan dama". Lamba nake so.

Yayanka.

*

Yaya,

Albishirinka! Amma bari in fara da gaisuwa kar ka ce ban da tarbiyya. Kowa lafiya. Gwiwar Inna da sauƙi, kuma wannan karon da gaske nake. Da na karanta mata cewa za ka dawo sai ta ce in maimaita wurin, na maimaita har sau uku.

Yaya, gonarmu ta ƙaru.

Na ɗauko igiyar Baba na ce tunda na fito bari in auna gonar duka. Uwar yara ta riƙe baki ɗaya, ni ina ja. Daga titi zuwa rafi, igiya talatin da uku! Na ce mata ke ce kike sakin igiyar. Ta ce to in zo in riƙe da kaina in ga. Muka yi musanya, talatin da uku. Washegari muka sake, talatin da uku. Abin da ya fi ba ni mamaki, duwatsun iyaka ma sun yi tafiya. Maimakon in same su a sha biyar, sai a sha shida da rabi, kuma ga su a binne daram, ciyawa ta rufe su, babu hannun da ya taɓa su.

Na kai maganar shagon Tela, aka yi ta har aka kira la'asar. Tela ya ce shi ya daɗe da sanin duniya kumbura take yi kamar kabewa a kan yaɗonta, ba a ganin girmanta sai an kwana biyu. Mai gyaran rediyo ya ce ya taɓa ji cewa ƙasashen duniya da a haɗe suke, yanzu suna nisantar juna, to me zai raba su in ba abin ne yake buɗewa ba? Mai haƙar rijiya ya ce ku bar zancen rediyo, shi da hannunsa yana tono fasassun tukwane a zurfin mutum biyu, wa ya zubo ƙasar da ke kansu? Ni ma na tuna dokin ƙofar Baba. Muna yara hawa muke yi mu shiga, yanzu gangarawa ake yi. Inna ma ta ce ta yarda, don da duniya ba ta ƙaruwa da tuni ka iso gida.

Ga abin da na yi. Na tono duwatsun na mayar da su daidai igiya sha biyar, yadda Baba ya faɗa. Hakan ya sa bishiyoyin lemona guda shida sun faɗa ɓangarenka. Uwar yara ta yi fushi kwana biyu, na ce mata gaskiya gaskiya ce. Daga duwatsun na auna maka taka sha biyar cif. Sai ga igiya uku sun rage a bakin rafi, ba nawa ba, ba naka ba, kyauta ce daga Allah.

Mai bulo ya ga wurin ya ce yashin yana da kyau, yana so. Ina da wata dabara a kai, amma ba zan faɗa maka ba sai ka gani da idonka, za ka yi dariya har ka zauna. In akwai magana ka rubuto kafin ƙarshen wata, don mutumin yana gaggawa. In na ji shiru na san ka yarda.

Batun danshi kuwa, da ɗan dama.

Autanku.

*

Auta,

Ina fata kuna lafiya. Ka gaishe da Inna. Ba ni da natsuwar doguwar gaisuwa.

Takardarka kwana talatin da bakwai ta yi a hanya. Ruwa ya cinye kwalbati, tankar mai ta kasa shigowa, muna nan kamar waɗanda aka manta da su a aljihu. Ƙarshen watan da ka ba ni ya wuce tun takardar tana cikin motar direba. Tun da na karanta ban iya zama wuri ɗaya ba. Jiya sau biyu Safiyo yana daka mini tsawa wai ban tsayar da sandar daidai ba.

Da aka tashi cin abincin rana na same shi a inuwar motar gireda, na ce, "Ranka ya daɗe, wai duniya ƙaruwa take yi?"

Ya ce, "Wa ya mutu ya bar maka wannan tambayar?"

Na karanta masa. Ya yi dariya har ya ƙware, sai da na bubbuga masa baya. Ya ce, "Kai, da duniya na kumbura kamar yadda Telanku ya ce, da tuni na yi arziki, kowace shekara sai an kira ni in sake auna komai. Turakun kankaren da muka taras a kan tsohuwar hanya, waɗanda suka kafa su sun mutu. Ba kai ka riƙe mini sanda a kansu ba? Sun matsa?"

Na ce ba su matsa ba.

Ya ce gaskiya ne ƙasashe suna motsi, amma ba don abin yana buɗewa ba ne. A ƙarƙashin teku akwai inda sabuwar ƙasa take fitowa, akwai kuma inda tsohuwa take nutsewa ta koma ciki, abin da ya fito nan ya shige can. Masu aunawa daga sama sun daɗe suna dubawa, in ma akwai canji bai wuce kaurin gashin kai ba a shekara. Ya ce, "Gashin kai, ka ji? Shi kuma ƙanenka igiya uku ya samu a shekara shida. A kawo shi nan mu ba shi aiki."

Tukwanen mai haƙar rijiya kuwa ban buƙaci Safiyo ba. Ni kullum ina kallon yadda ake yanke tudu a cika kwari. Iska da ruwa ma aikin da suke yi ke nan, sai dai su ba sa gaggawa. Katanga ta zube, a share tsakar gida a tara a bakin ƙofa, shekara talatin, ga dokin ƙofar Baba ya nutse. Ƙasa ba ta haihuwa, Auta, ƙaura take yi. Duk inda ka ga ta ƙaru, wani wuri ta ragu.

To gonarmu daga ina ta ƙaru? Titi bai matsa ba, rafi bai matsa ba. Igiya ukun nan da kake kira kyautar Allah bakin rafina ne, shi ne ruwan, shi ne lambun, shi ne dawowata. In aka cire shi me ya rage mini? Busasshen fili da zan zauna ina jiran damina kamar kowa.

Zan faɗa maka abin da ke raina, don ban iya ɓoye-ɓoye ba. Ko dai kai wawa ne, ko kuma ka mai da ni wawa. Na kwana ina juya maganar lemon nan shida, na ga kamar ɗan abin da ake jefa wa kare ne don ya bar bakin ƙofa. Ban samu jana'izar Baba ba, ina nan ina shan rana don kar a rasa abin sawa a tukunya a gidan nan, ashe ana can ana auna ni da igiya. In kuɗi kake so ka ce kuɗi kake so. Ba sai ka kumbura duniya gaba ɗaya don ka saci bakin rafi ba.

Kar shebur ko ɗaya ya taɓa wurin nan. Ka ji na faɗa maka.

Yayanka.

*

Yaya,

Muna lafiya. Inna tana gaishe ka, ita ta ce in rubuta haka.

Takardarka ta zo a makare. An yi magana da mai bulo gaban shaidu, an sa hannu, tifa tana ɗiba yau mako uku.

Ban karɓi ko sisi ba. Bulo na karɓa. Dabarar da na ce za ka yi dariya ke nan. Na ga za ka dawo bayan shekara shida, ga ɗakin Baba yana yoyo ta kusurwa uku, ga ni da yara mun cika sauran. Na ce yayana ba zai dawo ya kwana a zaure kamar baƙo ba. Muka yi da mai bulo ya ɗebi yashi, ya ba ni bulon ɗaki da baranda. Ni da magini muke yi, ni ne lebura. Ginin yana jikin ɗakin Inna, ya kai taga. Tagar tana kallon gabas don na san ba ka son zafin yamma.

Ka san Inna ba ta karatu. Duk takardar da ka aiko ni nake karanta mata. Da na zo wurin kare da bakin ƙofa sai na tsallake, ta ce, "Koma baya, muryarka ta canza." Na koma. Da bakina na karanta wa uwata cewa ni ɓarawo ne. Ta tashi ta shiga ɗaki. Uwar yara kuwa ta samu abin faɗa, ta ce ga ladan lemo nan na samu.

Ni ban yi makarantar Safiyonku ba, ban san ƙarƙashin teku ba. Abin da na sani, jiya na sake fita ni kaɗai, na kafa turke na ɗaura igiyar, na auna karo na huɗu. Talatin da uku. Igiyar Baba ce, Yaya, da kullinsa a baki biyu. In ni maƙaryaci ne, ita ma ƙarya take yi?

Na tsayar da ginin. Ban san ko kana so ba.

Auta.

*

Auta,

Ina gaishe ka. Ina gaishe da Inna, in za ta amsa. Wannan takardar ka karanta mata ita duka, kar ka tsallake ko layi ɗaya, ko da muryarka ta canza.

Na kai wa Safiyo tambayarka, don ni ta fi ƙarfina. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya ce, "Mu a aikin nan in lamba ta ƙi fitowa ba ma fara zagin ƙasa, ba ma fara zagin lebura. Tef ɗin awo muke fara dubawa. Ita igiyar tsawonta nawa?"

Na ce kamu ashirin da biyu, Baba ya sha sa ni in ƙirga ta da hannu ina yaro.

Ina faɗar haka hannuna yana kan igiyar da nake rataya gorar ruwa a kafaɗa. Auta, a nan na tuna. Na zauna a kan tulin tsakuwa. Safiyo ya ce, "Lafiya? Rana ce?" Na ce ba rana ba ce, ni ne.

Ranar da zan bar gida, kana can ka kai wa direba kayana na farko, zif ɗin jakata ya fashe. Mota tana ta oda a bakin titi. Na shiga ɗakin Baba, na ga igiyar bayan ƙofa, na sa wuƙa na yanki kamu biyu na ɗaure bakin jakar. Don kar ya gane ya yi faɗa, na sake ƙulla bakin irin kullinsa, shi ya koya mini. Na ce in na dawo da hutu zan saya masa sabuwa. Ban dawo ba, shi ma bai jira ba. Jakar ta mutu tuntuni, guntun igiyar ya koma jikin gora. Shekara shida yana kafaɗata, yana shan gumina, wallahi ban taɓa tuna daga ina ya fito ba.

Ga lissafin, Safiyo ya yi shi a ƙasa da tsinke. Talatin sau ashirin da biyu, ɗari shida da sittin. Ka raba da ashirin, talatin da uku. Gona ba ta ƙaru ba, igiya ce ta ragu, kuma ni na rage ta. Duwatsun suna inda Baba ya dasa su, kai ne ka tono su ka ja su cikin naka. Ɓarawo ba ya jan iyaka ta cinye masa lemo. Wannan tun a takardarka ta farko yake a rubuce, na karanta shi, fushi ya sa na juya shi ya zama shaida a kanka. Na zage ka a kan abin da wuƙata ta yi. Ka yafe mini. Inna, ki yafe mini, autanki ba ɓarawo ba ne, babban ne mai yanke-yanke.

Amma ba zan yi maka ƙarya in ce zuciyata ta yi sanyi ba. Ka auna gona sau huɗu, ba ka auna igiya ko sau ɗaya ba. Ka tambayi Tela, ka tambayi mai rediyo, ka ba ni wata guda alhali ka san inda nake ko tsuntsu sai ya yi niyya yake zuwa. Shiruna ba yarda ba ce, kwalbati ce ta karye. Wannan naka ne, ka riƙe shi, ni ma na riƙe nawa.

Yanzu ba lokacin wannan ba ne. Kowace safiya ina nan tsaye, tifofinmu suna wucewa, ina ƙirga su ina cewa haka wata take fita da lambuna. Guntun igiyar yana cikin ambulan ɗin nan. Ranar da ya iso, ko abinci ne a gabanka ka ajiye, ka ɗaura shi a jikin uwarsa, ka kira mai bulo da shaidun ku auna a gabansu. Ba na cewa a ƙwace masa abin da ya saya da gaskiya, shi bai cuci kowa ba. Roƙonsa za ka yi ya tsaya inda ya kai. Motar asibiti za ta fita gobe da wani da injin ya taka, na roƙi direban ya tafi da takardar, ba zan jira tanka ba.

Batun ɗaki, ban san me zan ce ba. Ban taɓa faɗa wa kowa cewa ba na son zafin yamma ba.

Yayanka.

*

Yaya,

Lafiya lau muke. Takardar ta iso da hantsi, kafin azahar muna bakin rafi: ni, mai bulo, shaidu biyu, da Inna. Na ce ta zauna saboda gwiwa, ta ce in ɗauko mata kujera in yi shiru.

Na ɗaura guntun, muka auna. Talatin cif, har bakin ruwa. Wallahi sai da na ji kunya kamar in shige ramin.

Mai bulo ya ce, "To ni ina ruwana? Ƙasa na saya, ban sayi igiya ba. Ku 'yan gidan nan kowa da wuƙarsa, ni za a yanka?"

Na fara roƙo, ya ce in bari, yana da odar bulo a hannu. Sai Inna ta sa na ajiye mata kujerar a kan hanyar tifa, ta zauna ta miƙe ƙafa. Direba ya yi oda, ta ce masa, "Yi a hankali, ɗan nan, kunnena ƙalau, gwiwa ce ba ta ji." Ta dubi mai bulo ta ce, "Kai ba a tsakar gidana ka koyi tafiya ba? Yara biyu sun yi wauta, kai na uku za ka zama?"

Ya cire hula ya sosa kai ya ce, "Inna, kin kashe ni." Aka zauna.

Ga yadda aka tsaya. Daga wajen gonarka ya fara haƙa, don bakin ruwan bai janye ba tukuna. Cikin kamu sittin ya cinye arba'in, rami ne mai zurfin mutum biyu, wannan ya tafi. Ashirin na bakin ruwa bai taɓa ba, ya bar maka. Akwai kuma hanyar da tifa take bi ta gefen ramin, faɗinta kamu shida, ita ce za ta haɗa ka da ruwan. Shi kuma ya riƙe sauran bulon da bai kawo ba. Ban ga laifinsa ba. Ɗaki dai ya tsaya a taga.

Na karanta wa Inna takardarka duka. Ta ce in faɗa maka ta yafe, amma igiyar mijinta sai ka biya. Ni ma na yafe, ko da yake maganar karen nan za ta ɗan kwana biyu. Nawa laifin da ka ce in riƙe, na riƙe.

Duwatsun fa, in mayar da su inda suke? Kuma Inna tana tambaya: da abin da ya rage, za ka dawo ɗin, ko za ka bi su sabuwar hanya? Ta ce kar in matsa maka, amma kullum sai ta tambaya ko direba ya zo.

Tela yana gaishe ka. Ya ce igiya ɗaya ba ta isa ta ƙaryata duniya guda ba, shi yana nan kan bakansa.

Autanku.

*

Auta,

Na gode. Ka gaishe da Inna, ka ce mata kar ta sake zama gaban tifa, ko don gonar duniya duka. Ka gaishe da maiɗakinka, ka ce ina ba ta haƙuri, ita ta fi kowa asara a rikicin nan kuma ba wanda ya tambaye ta. Ka gaishe da mai bulo, mutumin kirki ne, zan je in gaya masa da bakina. Tela kuwa ka ce masa ya auna tef ɗinsa, na fara gane dalilin da wandunansa ba sa kai wa idon sawu.

Kar ka mayar da duwatsun inda suke, in ka yi haka ramin duka a kaina ya faɗa. Kar kuma ka bar su inda ka kai su, nan kuma kai aka cuta. Kamu arba'in muka zubar, wuƙata da gaggawarka, a raba ashirin-ashirin. Ka matsar da su kamu goma zuwa wajen rafi, kowa ya tashi da ɗari uku da goma. Lemon da ya rage a ɓangarena naka ne, kai ka shuka, ni inuwa kawai zan sha. Safiyo ya ba ni tsohon tef ɗinsa na ƙarfe, ga shi nan direba zai ba ka. Da shi za ka auna.

Lambun da na zana a bayan kwalin siminti bai shiga kamu ashirin ba, na gwada ta kowace fuska. Na yage shi. Kwana uku ina kai da kawowa tsakanin kwantenar da muke kwana da ofis. Shekaranjiya Safiyo ya ce sabuwar hanyar shekara biyu ce, in bi shi, zai sa a ƙara mini girma in bar riƙon sanda. Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Jiya ya ɗaga hannu daga nesa, matsa dama, na matsa, matsa hagu, na matsa. Da aka tashi na miƙa masa sandar na ce idan wannan ta ƙare ya nemi wani.

Ya ce, "Kan kamu ashirin?"

Na ce kan kamu ashirin.

Ban ce zai ishe ni ba. Ban ce kuma ba zan tsaya bakin ramin nan in ji raina ya ɓaci ba, har da kai a ciki, har da ni. In ka ga na tsaya ina kallonsa, ka wuce abinka, zai sauka. Ginin ka bar shi yadda yake, in na zo mu ƙarasa tare, ni ne lebura.

Ka ce wa Inna saura kwana tamanin da ɗaya. Ka kuma karanta mata abin da ya tsira, don ta san abin da zan dawo in tarar: busasshiyar gona kamu ɗari biyu da casa'in, bakin ruwa kamu ashirin, hanyar tifa mai faɗin kamu shida, rami ɗaya, da ɗaki ɗaya da ya kai taga.